Hilda Ba Ta Son Lallashi

A gidanmu mu biyu ne ba mu iya magana a hankali ba, ni da Hilda. Ni dai an ce haka aka haife ni. Hilda kuwa babbar mota ce ta ɗaukar alkama, yayana Orval ya saye ta a hannun wani mai jigilar katako tun 'yarsa Joleen ba ta yi wayo ba. Sunan wata goggonmu ya sa mata, matar da in ta tsaya a bakin ƙofa ta kira mu cin abinci har maƙwabta sai sun wanke hannu. Injinta irin na da ne, dizal mai bugu biyu, wanda yanzu an daina sa wa motocin hanya. In ta taso daga gona da lodi, matan da ke kan sikeli a rumbun bakin kogi suna jin ta tun ba ta fara gangarowa ba, sai su ce ga mutanen gidan Kessler nan tafe.

Tana shan dizal, ba zan ɓoye mata ba. Tana kuma ɗigar da baƙin mai duk inda ta kwana, har Orval kan ce ranar da ka leƙa ƙarƙashinta ka ga ƙasa a bushe, to man ne ya ƙare, maza ka ƙara. Amma duk tsawon zamanta a gonar nan sau ɗaya aka taɓa buɗe cikin injinta, shi ma a rumfarmu, da hannun Orval da nawa. Maƙwabcinmu ya sayi sababbin motoci sun tsufa sun tafi, Hilda tana nan tana damun jama'a.

Bara ne likita ya ce tsakiyar idon Orval ta mutu, gefe-gefe kawai yake gani, aka karɓe masa lasin tuƙi. Bai yi gardama ba, bai kuma yi ƙorafi ba, don shi ba mai yawan magana ba ne. Sai dai kullum da safe ya ɗauki kofin kofinsa ya tafi rumfa, ya hau Hilda, ya zauna a kujerar direba har kofin ya huce. Ni da na dawo gidan da zama bayan rasuwar mijina ina ganinsa ta tagar kicin, kuma abin yana ci mini rai.

Ana saura kaɗan a fara girbi, muna cin abincin yamma, Joleen ta ajiye cokali. Ita ke riƙe da gonar yanzu, kuma ta iya riƙo, ban taɓa raina mata ba.

"Baba," ta ce da ƙarfi, don sai an ɗaga murya yake ji, "maganar Hilda ce. Wannan girbin ne na ƙarshe. In an gama zan kira masu sayen tsohon ƙarfe."

Orval ya ci gaba da yanka namansa.

"Ke Joleen," na ce, "a kan me? Me ta yi miki?"

"Goggo, kin san kuɗin dizal kuwa? Motar nan ba sha take ba, wanka take yi da shi. Sannan wa zai tuƙa ta? Baba ba ido, ke ba gwiwa."

Nan ta kama ni, don gwiwata ta hagu ƙarfe aka sa mata, kulocin Hilda kuwa sai ƙato.

"Ni zan tuƙa," in ji Emmett.

Duk muka juya. Emmett mijin Joleen ne, sun yi aure ne da girmansu, kuma direban bas ɗin makaranta ne, lokacin girbi yana hutu. Ban taɓa ganin mutum mai sanyin hali irinsa ba. In ƙuda ya faɗa masa a miya, cire shi zai yi ya kai shi waje. Hukumar makarantu har allon yabo ta taɓa ba shi saboda bas ɗinsa ya fi na kowa tattalin mai. Orval bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "direban yara."

"Jo, ki ba ni girbin nan," Emmett ya ce. "In na rage mata sha, ta kuma kwashe alkamar ba ta tsayar da ke ba, sai ki sake tunani. Ai ba ta yi laifin kisa ba."

Joleen ta dube shi, ta dubi ubanta. "To, na ji. Amma in ta ɓata mini aiki, ba ruwana da kowa."

Na san don Orval ya yi, ko da yake Orval ko kallonsa bai yi ba. Raina ya yi wa ɗan nan fari a ranar, na ƙara masa yankan kek ɗin ceri ba tare da ya roƙa ba.

Aka shiga girbi. Alkamar bana ta yi kyau, tuddai sun yi jawur har iyakar gani, zafi kuwa ba a magana. Joleen tana kan injin girbi, Emmett yana jigila zuwa kogi, ni ina kai musu abinci gona. Na fi son lokacin nan a duk shekara, da ƙaiƙayin da ke shiga wuyan riga da komai.

Emmett ya wanke Hilda tas, ya goge gilashi, har ya rataya mata ɗan abin ƙamshi. Sannan ya fara tuƙa ta yadda yake tuƙa 'ya'yan mutane. Ya taka totur kamar mai taka ƙwai. Da injin ya ɗan ɗaga murya sai ya sauya giya. In yana jiran lodi a gona sai ya bar ta a sulo, inji a kunne, tana gurnani, wai kada yawan kashewa da tayarwa ya gajiyar da ita.

Ba a je ko'ina ba Hilda ta fara nuna halinta. Wani baƙin ruwa mai kauri ya riƙa dalalowa daga bakin salansa yana bin gefen mota. Hayaƙinta ya koma fari-fari mai yaji a ido. Ƙarfinta ya ragu, tafiyar da ya kamata a yi a dawo kafin cikin injin girbi ya cika sai ta ja, Joleen ta tsaya a tsakiyar gona tana jira ta riƙe ƙugu. Tankin kuwa, maimakon ya daɗe, sai ya fi da saurin ƙarewa.

Da rana na same shi a inuwar motar yana cin burodi da naman alade, yana kallon baƙin ruwan nan kamar mai jinya.

"Goggo, ban gane ba," ya ce. "Ina lallaɓa ta iyakar iyawata."

"Lallaɓawar ce ke kashe ta. Injin nan ba ya son lallashi, Emmett. In bai yi zafi ba, ba ya ƙone man da ka ba shi, sai ya tara shi a ciki ya amayo maka. Ka san abin da tsofaffin direbobi ke cewa? Kafin ka hau, ka sa yatsanka a ƙofa ka buga, sannan ka tuƙa ta da wannan haushin."

Ya yi dariya. "Ni kuma me ta yi mini da zan ji haushinta?"

"Ka taka ta har ta yi ihu!"

"Ai ina takawa. Da ta fara wannan ƙarar sai in ji kamar fistin zai fito ta bonet. Ƙafata da kanta take ɗagawa."

A nan matsalar take, kuma ba shi ne na farko ba. Injin bas ɗinsa, kamar na kowace mota ta yanzu, sai ya juya sau biyu yake bugawa sau ɗaya. Na Hilda kowane juyi bugu ne. Saboda haka tana tafiyarta daidai wa daida, kunnen wanda bai saba ba sai ya ji kamar ta ninka gudun da za ta iya, tana shirin tarwatsewa. Na yi masa wannan bayani, na nuna masa allurar agogon injin, na ce ga inda za ka ajiye ta, can sama. Ya gyaɗa kai, ya ce ya fahimta sarai. Ya fahimta ɗin kuwa, amma shekara da shekaru yana horar da ƙafar nan kada ta firgita yaro, ba rana ɗaya za ta saki ba.

Sai na ce to, tunda haushi ake nema, bari in samo masa. Washegari na zuba masa gishiri a kofi. Ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce, "Goggo, kin gaji da yawa, ki riƙa hutawa." Na ce masa ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya ko matan cocinmu za su lallasa su. Ya ce wallahi bana kam gaskiyata. Na ce kek ɗin da mahaifiyarsa ta kawo bikinsu da shi muka toshe ramin ɓera. Ya sunkuyar da kai, na ce yau na samu, sai ya ce, "Allah sarki Mama, ba ta taɓa iya gashi ba, amma ba wanda ya iya gaya mata." Ni ce na ƙare da hawan jini.

Duk wannan Orval yana zaune a baranda, bai ce uffan ba. Emmett kan gaishe shi da safe, ya amsa da ka.

Ranar da abin ya faru na ce zan bi shi kogi, ko bakina zai yi abin da gishiri bai yi ba. Daga gonar arewa kafin a hau kwalta akwai wani hawa da muke kira Tudun Makabarta, don a kansa aka binne kakanninmu. Gajere ne amma a miƙe yake, kuma da cikakken lodi ake hawansa. Muka taso, Hilda ta fara ɗaga murya, na ce, "Riƙe ta! Riƙe ta a nan!" Ya riƙe na ɗan lokaci, na ga gumi a goshinsa. Muna tsakiyar hawan ihun ya kai inda ba zai iya jurewa ba, hannunsa ya kai kan giya ya ƙara ɗaya.

Nan take muryarta ta faɗi. Ta yi gurnani, ta girgiza, ta yi kamar ta mutu. Nauyin alkama ya ja mu baya kaɗan, Emmett ya taka kuloci, sai injin ya sake kamawa da wata irin murya da ban taɓa jin ta da kunnena ba, sai dai a labari. Hayaƙi ya turnuƙo daga matatar iska a gefen bonet, salansa kuwa tana zuƙa maimakon ta busar.

"Baya yake juyawa!" na kurma ihu. "Injin baya yake yi! Wayyo Allah, ya kashe ta! Kashe ta, Emmett! A'a, birki! Birki tukuna!"

Irin injin nan ne kaɗai ke da wannan hauka. In aka danne shi har ya kusa mutuwa, taya ta murɗa shi baya, sai ya tashi a juye. Ka sa giyar gaba mota ta yi baya, kuma baƙin mai ba ya zagayawa, in aka daɗe ƙarfe ya ci ƙarfe. Ni da na san duk wannan, ban tsinana komai ba sai ihu da dukan gaban mota.

Emmett ya ja birkin tsayawa, ya fitar da giya, ya miƙa hannu ya ja igiyar kashe mai. Shiru ya sauka. Sannan ya ce da muryarsa ta bas, a natse, "Kowa ya zauna a kujerarsa."

Ni kaɗai ce fasinja a motar. Na dube shi, ya dube ni. Ban san sanda dariya ta ƙwace mini ba, ina yi ina share hawaye.

Joleen ba ta yi dariya ba. Ta hango hayaƙin daga gona ta taho a guje da ƙaramar mota. Da ta tabbatar ba wanda ya ji ciwo, ta ce, "Shi ke nan. Ya isa. Gobe zan yi hayar motar maƙwabcinmu Dale ta ƙarasa mini, wannan kuma a mai da ta rumfa ta jira masu ita." Emmett ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Muka jira injin ya huce, ya tayar, ta tashi daidai, ya hau tudun da giyar ƙasa yana jan jiki.

Da yamma ba wanda ya ci abincin kirki. Emmett ya juya wajen surukinsa ya ce da ƙarfi, "Baba, ka yafe mini. Na so in taimaka, sai na ɓata."

Orval ya ci gaba da tauna. A nan ne nawa haƙurin ya ƙare.

"Yaya, kai wane irin mutum ne? Yaron nan yana ta wahala saboda kai, ka zuba masa ido kamar ba motarka ba. Ka buɗe baki mana! Ka koya masa yadda ake fushi da ita, ni na yi na gaji."

Orval ya ajiye wuƙa. "Wa ya ce ina fushi da ita?"

"Kowa ya sani. Kai ka fi kowa sa ta ihu a ƙasar nan."

"Verna, ni ban taɓa fushi da Hilda ba ko sau ɗaya. Ke ce kike tuƙa ta da fushi, don ke ko kwano da fushi kike wanke shi." Ya taɓa kunnensa na hagu, wanda ke wajen salansa. "Wannan ya tafi tun Joleen tana firamare. Ɗayan ya bi shi a hankali. Ihun da kuke ta faɗa, ni na manta kamanninsa. A kujera nake jin ta, da tafin ƙafa. In ta ji daɗi jikinta kan yi laushi, rawar ta daina. Can sama take yin haka. Direban yara bai taɓa kai ta wurin ba, kunnensa ke korarsa tun a hanya."

Na zauna baki buɗe. Na girma da mutumin nan, na kwanta ƙarƙashin motar nan tare da shi, ban taɓa sanin haka ba.

"To me ya hana ka faɗa tun farko?" na ce.

"Ba wanda ya tambaye ni. Tun da ido ya tafi, kowa gaya mini yake yi." Ya juya gefen fuskarsa wajen Emmett, don ta nan yake ganin mutum. "Gobe da ni za ka. Ka nemo abin toshe kunnen nan na injin girbi."

"Baba, na riga na ce—" Joleen ta fara.

"Kin ce wannan girbin. Ai ba a gama ba."

Joleen ta tashi ta kwashe kwanuka ta shige kicin. Na bi ta, na tarar ta buɗe famfo tana tsaye ba ta wanke komai.

"Kuɗin dizal ne da gaske?" na tambaye ta.

"Har da shi." Ta goge hanci da bayan hannu. "Goggo, ba ke kaɗai ke da taga ba. Kullum sai na gan shi ya je ya zauna a cikinta, ya riƙe sitiyari, ba inda za shi. Ba na iya kallo. Na ce in ba ta nan, ko zai haƙura ya zauna a baranda kamar sauran tsofaffi."

Na karɓi soson na wanke, ita ta goge.

Da safe Orval ya riga kowa zuwa rumfa. Ya sa Emmett ya juye baƙin man jiya ya zuba sabo, mai kauri irin wanda injin ke so. Ya sa shi ya kwanta ya zura waya cikin 'yan bututun da ke ɗigar da mai a gefen injin, sai ga shi ashe sun toshe da dauɗa. "Ɗigar nan numfashinta ce," in ji shi, "kada ka yarda ta tsaya." Da hannu ya laluba bel, ya laluba tiyo, yana faɗin abin da ya ji, Emmett yana dubawa yana cewa haka ne, Baba.

Na ce ba za a bar ni a baya ba. Orval ya zauna a tsakiya, ni a bakin ƙofa, Emmett da manyan marufan kunne kamar mai aiki a filin jirgi.

"Kwalta za mu fara," Orval ya ce. "Abin da ta tara a ciki garwashi za ta tofar, ba na so a cikin kara."

Emmett ya nuna kunnensa, alamar bai ji ba. Orval ya yi ɗan tsaki, ya ɗora tafin hannunsa a kan gwiwar Emmett ta dama. Ya danna.

Haka suka yi ta. In hannun ya danna, Emmett ya taka. In ya ɗaga ya buga sau ɗaya, a sauya giya. Muka hau kwalta, hannun ya danna ya ƙi ɗagawa. Hilda ta ɗaga murya, ta ƙara, ta kai inda Emmett ya saba gudu, na ga ƙafarsa tana neman tashi, tsohon ya danne ta da ƙarfinsa duka. Wani baƙin hayaƙi ya tashi sama, tartsatsi yana fita ciki, ta yi tari, ta sake yi. Can sai hayaƙin ya washe. Rawar da ke cikin kujera ta lafa, madubin ƙofa da kullum yake karkarwa ya tsaya cak har na ga fuskata a ciki. Ihun yana nan, har cikin haƙorana nake jinsa, amma motar kanta ta yi laushi, kamar yadda Orval ya faɗa.

Emmett ya waiwayo da ido waje. "Na ji!" ya faɗa da ƙarfin wanda bai san ƙarfin muryarsa ba. "Baba, na ji ta a kujera!"

"Kalli hanya," in ji Orval, amma na ga murmushi a gefen bakinsa.

Muka koma gona, Joleen ta cika mu. Da muka tunkari Tudun Makabarta hannun ya danna tun daga ƙasa, bai kuma ɗaga ba har muka kai sama. Hilda ta haye da giya ɗaya tana kururuwa, na tabbata kakanninmu sun san jikokinsu ne ke wucewa. A madubi na hango injin girbi ya tsaya a tsakiyar layi, Joleen ta fito ta tsaya a kan matakala ta kare ido da hannu.

Ba a yi hayar motar Dale ba. Sauran girbin duka Orval yana tsakiyar kujera. Ya hana barin ta a sulo, in an iso gona a ɗan bar ta ta huce a kashe. Baƙin ruwan salansa ya bushe. Tafiyar kogi ta koma yadda take a da, wani lokacin ma su ke jiran Joleen. Matan sikeli suka fara ajiye wa Orval kofi, yana sauka yana yi musu tsiya. Wajen ƙarshe Emmett ya daina buƙatar hannun, amma na lura hannun bai bar gwiwar ba, shi ma bai ce a ɗauke ba. Wata rana da rana na ji Orval yana cewa, "Emmett, miƙo mini gishiri," har na kusa sakin tulun shayi.

Shan dizal kuwa ya ragu sosai a kan na farkon girbi. Amma kada in yi ƙarya, ko a ranar da ta fi kyautatawa ba ta kama ƙafar sabuwar mota ba wajen tattali. Joleen ta san haka, mu ma mun sani. Shi ya sa da aka kai lodin ƙarshe, aka yi 'yar walimar gama girbi a tsakar gida da gasasshen nama da masara, ba wanda ya tayar da maganar. Emmett ya wanke Hilda ya mai da ta rumfa. Orval ya koma zuwa da kofinsa da safe, ni na koma tagata, ina jiran ranar da zan ga motar masu sayen ƙarfe ta shigo.

Wata safiya Joleen ta tafi gari ba ta gaya wa kowa ba. Wajen azahar ta dawo, ta wuce gida, ta yi ribas har bakin rumfa. Na jefar da tsumma na fita da gwiwata mai ƙarfe. Orval yana zaune a kan benci a gefen Hilda, Emmett yana jera masa sifanu.

"Emmett, zo ka kama mini," ta ce.

A bayan motar akwai duro, sabo fil, an ɗaure shi da igiya. Suka gangaro da shi a kan katako, suka mirgina shi har gaban tsohon.

"Mene ne wannan?" Orval ya tambaya.

"Man Hilda ne, mai kaurin. Sai da na sa aka yi odarsa, yanzu ba kowa ke ajiye shi ba."

Orval ya miƙa hannu ya shafa murfin, ya bi gefen har ƙasa, ya ƙwanƙwasa ya ji a cike yake. Da galan-galan muka saba saye, abin da zai kai mu ƙarshen girbi ɗaya.

"Joleen, duro guda?" ya ce. "Ai wannan sai ya ga bayana."

"To sai ka daure, Baba," ta ce. "Da tsada na saye shi, kuma ba wanda zai zuba mini shi sai kana zaune kana faɗa."

Orval ya bar hannunsa a kan duron, ya juya gefen fuskarsa yana neman inda take tsaye, ita kuma ta matso ta tsaya daidai inda zai gan ta.